Shirun da Na Yi wa Kawu Alkawari

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Yaya Hadiza a Rogo ba, kuma ko na so in manta, mutanen gidanmu ba za su bari ba.

Ni mutum ne mai son kiɗan kwamfuta, irin na rawar nan da ba a cika rera waƙa a ciki ba. Ba wanda ya koya min. A wani shagon cajin waya a Karaye na fara jin wasu Turawa biyu masu haɗa kiɗansu tare (ba zan faɗi sunansu ba, ko na faɗa sai kun ce in maimaita), daga nan na kamu. Albam ɗinsu biyu na farko na haddace su tsaf. Salonsu ɗaya ne: su fara a hankali, su yi ta ɗaga sauti, su yi ta ɗagawa har ka riƙe numfashi, sai su sako ganga gaba ɗaya, dim. Wannan sakowar ita ce daɗin abin.

Da sabon albam ya fito, kwana biyu na yi ina zagaye bayan gidanmu a Kurugu neman sabis kafin ya sauka. Memori ya cika, sai na goge tsofaffin, ai suna cikin kaina. Na sa wa kunnena iyafis ɗina, wanda ƙofar ɗaki ta datse wa waya a makon amma bai daina magana ba, na danna.

Babu ganga. Ko ɗaya. Sauti siriri, can nesa, kamar ana kiɗa a cikin rijiya. Su ɗaga, su ɗaga, ka shirya jin dim, sai shiru, da wani ɗan shuu kamar yayyafi a kan kwano.

Abin ya tsaya min a rai. Tsufa suka yi? Faɗa suka yi, mai gangar ya yi fushi ya tafi? Ina cirar gyaɗa ina tunani, ina cin tuwo ina tunani. A ƙarshe na samo amsa da kaina, kuma na yaba wa kaina ƙwarai: tsofaffin na ƙafa ne, sabon na ƙwaƙwalwa ne. Mutanen sun girma. Sun gane cewa wanda ka saba wa da ganga, in ka hana shi, sai ya ji ta a ƙirjinsa. Duk wanda ya zauna kusa da ni a watan nan sai da ya sha wannan bayani.

To, sai biki ya zo. Kawu Isa, mahaifin amarya, a ofishin hakimi yake aiki, kuma ba ya son hayaniya. Da ƙyar ya yarda a kawo di-je, da sharaɗi ɗaya: ba ganga sai manyan baƙi sun ci abinci sun tashi. In aka saɓa, a naɗe kaya. Ƙawayen amarya kuwa sun fi mako uku suna koyon rawar da za su yi da la'asar. Shi di-jen, Yaya Sabi'u, na daɗe ina binsa ya koya min aiki, ya ce ranar zai gwada ni.

Bayan azahar manya suka zauna a ƙarƙashin rumfa, aka jera musu shinkafa. Yaya Sabi'u ya leƙa ya ce, "Ƙanena, wurin nan ya yi tsit kamar zaman makoki. Kana da wani abu mai sanyi a sa ƙasa-ƙasa?"

"Yaya, ina da abin da ba ka taɓa ji ba. Ba ganga ko ɗaya."

Ya kalli wayata. "Mutanen nan naka? Masu fasa lasifika?"

"Wannan da ne. Sun canza."

"Ka tabbata?"

"Na ji shi ya fi sau talatin."

Sai janareta ya fara tari, ya ruga wurinsa ya bar ni da na'ura. Na jona wayata. Kuma da yake na san kiɗan siriri ne, na murɗa sauti sosai don kada a rasa hikimar.

Ya fara a hankali, daidai yadda na faɗa (ko da yake na ji ya fi na kunnena kauri, sai na ce lasifika mai kyau ce). Kawu ya yafito ni. Na je na durƙusa a gabansa, gaban liman da baƙin da suka zo daga Falgore.

"Kai, wannan mene ne?"

"Allah ya ƙara girma, Kawu, ba na rawa ba ne. Na tunani ne."

"To me ya sa yake ta hawa?"

"Nan hikimar take. Ka saurara, yanzu za ka ji shiru."

Har yatsa na ɗaga, jama'a. Na ɗaga wa Kawu Isa yatsa, na lumshe ido.

Abin da ya biyo baya, ban taɓa jin irinsa ba ko a tsofaffin albam ɗin. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin gwiwata. Murfin kula ya yi tsalle. Wani dattijo ya saki cokali ya fara salati, akuyar maƙwabta ta tsinke igiya, daga cikin gida kuwa 'yan mata suka ɗauka an ba da izini, suka rangaɗa guɗa. Ni kuma ina durƙushe, yatsana a sama.

Yaya Sabi'u ne ya zare waya. Shirun ya zo, amma ba irin wanda na yi alkawari ba.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya goge hannunsa, ya ce, "Na yi tunanin. Sabi'u, naɗe kayanka."

Haka aka yi. Ƙawayen amarya da tafi da bayan ƙwarya suka yi rawarsu, kowace ta wuce sai ta harare ni. Yaya Hadiza ta aiko a gaya min, ranar aurena ita za ta zaɓi kiɗa.

Muna loda lasifika a kura, Yaya Sabi'u ya ce in ba shi iyafis ɗin. Ya sa a kunne, ya saurara kaɗan, sai ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Ashe masu haɗa kiɗa suna ajiye ganga da murya a tsakiya ne, su watsa ƙananan sautuka dama da hagu. In wata siririyar waya ta tsinke a cikin iyafis, tsakiyar sai ta ɓace, gefe ya rage.

"Wata guda kana sauraron gefen waƙa," in ji shi, "kana yi wa mutane tafsiri."

Aikin dai bai ba ni ba. Ya ce zan iya ɗaukar lasifika, amma duk abin da yake da maɓalli kada in matsa kusa da shi.

Daga baya na ari iyafis mai lafiya, na sake sauke tsofaffin, na jera su da sabon. Ga gaskiya: ba su girma ba, ba su canza ba. Gangar ce kawai ta ƙara nauyi, kuma yanzu ba su da haƙurin da, sakowar takan zo tun kafin ka gama marmarinta. Albam ɗinsu na biyu ya fi sabon, nesa ba kusa ba. Abin da har yau yake ɗaure min kai shi ne, wanda na fi so a cikinsu duka shi ne wancan na cikin rijiya, wanda ba su taɓa yi ba, ni da ƙofar ɗakina muka haɗa.

Yanzu in na ji wani abu ya zo min da zurfin da ba wanda ya gano sai ni, nakan miƙa wa na kusa da ni in ce, "Don Allah ji nan, kai ma haka kake ji?"