Takardar Kakan Alhaji Tanimu

Wani mutum ne a garinmu, Alhaji Tanimu mai sayar da tayoyin mota. Bakinsa ba ya hutawa da zancen asali. Ka ce masa ina kwana, sai ya kai ka kan kakansa Jatau, wai jarumin da Sarki ba ya karyawa sai ya gan shi. Shaidarsa wata tsohuwar takarda ce ta ajami mai hatimi, da ya tsinta a ƙasan adakar kakarsa. Ya sa mata gilas, ya rataye a falo. Ko baƙi ɗaya bai iya karantawa a ciki ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya.

Da aka kafa kwamitin rubuta salsalar gidajen gari, Alhaji ya kafe sai dai gidansu ya buɗe littafin. Masu unguwa? Baƙi ne. Gidan liman? Jiya suka zo.

Sakataren kwamiti ya ce, "To Alhaji, kawo hujja."

Ranar taro a ƙofar dagaci, ga Alhaji buguzun-buguzun cikin babbar riga, takarda a ƙirji. Har lasifika ya ɗauko haya. Aka miƙa takardar ga Malam Sidi, tsohon da ya ƙware a ajami. Malam ya duba, ya goge tabarau, ya sake dubawa.

Ya rage murya. "Alhaji, da ka bari mun karanta a gida."

"A gida? Hassada ke nan! Karanta, Malam, kowa ya ji!"

Malam ya yi gyaran murya. "Daga Sarki, zuwa ga dukkan dagatai da masu unguwanni."

"Kun ji ko? Dukkansu!"

"Muna sanar da ku game da Jatau ɗan Bawa."

Alhaji ya doki ƙirji, tim! "Kakana!"

"Dogo ne, baƙi, mai wushirya."

Alhaji ya wage baki yana nuna wa jama'a. "Ga ta nan! Gado na yi!"

"Ba shi da na biyu a ƙasar nan..."

"Maimaita wannan, Malam!"

"Ba shi da na biyu a ƙasar nan wajen satar awaki. Ya haura katangar gidan yari, ya haɗa da akuyar alƙali. Duk wanda ya gan shi ya ɗaure shi tamau ya kawo mana."

Alhaji ya daskare, baki a buɗe, zufa sharkaf. Sai wani tsoho ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi, shi ke nan fili ya ɗauka.

Sakatare ya ɗaga biro, fuska ba annuri, ya jawo lasifika kusa da bakinsa.

"Alhaji, a shafin farkon za mu sa, ko mu jira a dawo da akuyar tukuna?"