Abokin Wasiƙar Baba

Hatimin sa hannun Mai Girma ya cinye daga wutsiya. In na danna shi a takarda sai harafin ƙarshe ya fito rabi, in ɗauki biro in ƙarasa. Shekara huɗu na yi a jami'a, jama'a, kuma babbar gudummawar da nake ba ƙasa ke nan.

Ni ce ƙaramar sakatariya a ofishin Mai Girma na Jiya, wanda ya sauka daga kujera shekara shida da suka wuce, amma har yau motoci uku ke raka shi aski. Aikina amsa wasiƙu. Babban sakatare, wanda muke kira Malam Ba-ya-nan saboda abin da yake faɗa wa duk wanda ya bugo waya, ya koya mini aikin cikin minti biyar. Kwanduna uku ne a kan tebur.

"Layin farko kawai za ki duba, 'yata. In kin ga 'farin ciki', kwandon Muna Taya Murna. In kin ga 'marigayi', kwandon Allah Ya Ba Da Haƙuri. Sauran duka Muna Dubawa."

Na tambaya, muryata can ƙasa, yaushe shi Mai Girma yake karantawa.

"Mutumin da ya yi wa ƙasa hidima haka, ki ce ya zauna yana karatu kamar ɗan makaranta?"

Na ba da haƙuri. Ni dama ko ƙofa na buge sai na ba ta haƙuri.

Watana uku da fara aiki na buɗe wata ambulan, na ga rubutun da ya koya mini baƙaƙe. Babana ne, tsohon malamin firamare. Ya rubuto a kan ɗakin karatun unguwarmu, wanda Mai Girma ya aza harsashinsa da makaɗa da rumfuna, yanzu kuma awaki ne kaɗai ke zuwa nazari a ciki. Baba ya san a nan nake aiki, amma ya kai wasiƙar gidan waya da ƙafarsa, don kada a ce ya bi ta hannun 'yarsa. A ganinsa ni buga takarda kawai nake yi.

Bisa ƙa'ida kwando na uku ne wurinta. Na ɗauko bugaggiyar amsarmu ta Muna Dubawa, na tuna yadda Baba ya cinye yini biyu yana gyara shafin nan, na mayar. Na rubuta masa amsa ta gaske, na danna hatimi.

Ranar da amsar ta iso gida, Baba ya karanta wa Umma sau biyu, ya fita ya karanta wa tela maƙwabcinmu.

Tela ya ce, "Malam, mutumin nan yana kan mulki bai amsa maka ba, sai yanzu da ba shi da ko bulo ɗaya?"

"Yanzu ne ya samu lokacin tunani. Ji yadda ya tsara jimlar nan. Mutumin yana da tarbiyya."

Ina bayan labule ina jin daɗi, Allah ya yafe mini. Tun ina firamare Baba bai taɓa yaba rubutuna haka ba.

Daga nan abu ya zama duk wata. Wasiƙa goma sha ɗaya. Baba da "Mai Girma" suka bar batun ɗakin karatu suka shiga tarbiyyar yaran zamani da tsadar taki. Baba ya sayi fayil na musamman, ya fara cewa "abokina". Sau nawa na buɗe baki in faɗa masa, sai in ji kaina ina tambayarsa ko a ƙaro shayi.

A ta goma sha ɗaya na yi wautar da ta kai ni ƙasa. Na rufe da cewa, "Yaya gwiwar? A daure a riƙa shan maganin." Baba bai taɓa ambaton gwiwarsa a wasiƙa ba.

Na ɗauka asirina ya tonu. Ina. Baba ya kalle ni ya ce, "Kin gani, uwata? Manya ba abin da ke ɓoye musu. Wannan ya wuce takarda, sai na je na yi godiya da bakina."

Na ce ai ba ya nan. Ya ce zai jira.

Jiya Alhamis, ranar da Mai Girma ke leƙo ofis ya sha shayi, Baba ya iso da babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, fayil a hammata. Malam Ba-ya-nan bai samu damar faɗin sunansa ba, don ga mutumin zaune ana ganinsa ta ƙofa. Ni kuma na shigo da tire.

Mai Girma ya miƙa hannu, idonsa na kan waya. "Madalla, madalla. Muna dubawa."

Baba ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, gwiwar ta yi sauƙi."

Mai Girma ya ɗago, ya shafa tasa gwiwar. "Har labari ya kai muku? Ai sai da na fita waje aka duba ta."

Baba ya buɗe fayil, ya nuna masa shafin. Mai Girma ya riƙe takardar nesa da fuska, kamar an ba shi jaririn wani. Nan Malam Ba-ya-nan ya ga damar yi mini alheri.

"Ai malam, ka haifi 'ya. Duk takardar da ta fita daga ofishin nan ita ce. Ranka ya daɗe ko ambulan ba ya taɓawa, mun hutar da shi."

Baba ya dube ni. Ni kuma, mai digiri, na dubi sukari. Ya kamata in ajiye tiren in ce wani abu, amma ba a ba ni izinin ajiyewa ba.

Mai Girma ya ci gaba da ba da labarin asibitin waje, da irin gadonsu mai ɗagawa da kansa. Baba ya zare takardarsa daga hannunsa a hankali, ya mayar da ita bayan ta goma, ya daidaita gefunan, ya rufe fayil ɗin. Ya gyara hularsa, ya bi ta gefena yana ɗan ɗingishi, ya ja ƙofar ba tare da ta yi ƙara ba.