Ranar da Na San Ƙafar Surukina Kafin Fuskarsa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gaida iyayen Zuwaira a ƙasar Jibiya ba. Ni mutum ne mai son cin abincin waje, wannan ba na ɓoye shi. A cikin garin Katsina babu gidan abinci ko teburin mai shayin da ban san hannun mai shi ba, kuma idan ƙarshen mako ya zo nakan bi abokina Sanusi ƙauyensu wajen Riko mu sha iska, mu ci danyar gyaɗa a gona, Lahadi da yamma mu dawo bakin aiki. A irin wannan yawon ne na haɗu da Zuwaira, tana karatun koyarwa a Katsina, iyayenta suna Gangara.

Matsalar ɗaya ce. Mahaifinta, Malam Iro, dillalin hatsi ne a bakin iyaka, kuma bai cika son 'yan birni ba. Zuwaira da kanta ta gaya mini ya ce sai ya ga kamun kaina tukuna kafin ya bari manyana su zo. Wato wannan gaisuwar ita ce jarrabawar, idan na faɗi shi ke nan.

Tun a hanya Sanusi ya fara ba ni darasi (shi da ko budurwa ba shi da ita a lokacin). Ya ce abu biyu zan kiyaye. Na farko, kada in kuskura in ɗaga kai in kalli tsohon, a ƙauye rashin kunya ne. Na biyu, idan an kawo abinci in taɓa kawai in ce na ƙoshi, don kwanon da aka mayar cikin gida shi mata za su duba su yanke mini hukunci. Ni kuma na riƙe maganar nan tamkar karatun allo. Ko karin kumallo ban yi ba, wai kada in ɓata babbar rigata.

Muka isa da hantsi. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, dattawa biyu suka shigo. Na durƙusa, na kafe idona a ƙasa. Ƙanen mahaifin ne ya yi ta magana, yana tambayar aikina da asalina, ina amsawa ina kallon saƙar tabarma. Shi kuwa Malam Iro, in ban da "Madalla" da ya ce can ƙasa-ƙasa, ban ji muryarsa ba. Duk zaman nan abin da na gani nasa shi ne ƙafafunsa: babban yatsan ƙafar dama ba shi da farce, ga wani tsohon tabo a saman idon sawu. Na kalli ƙafar nan har na haddace ta.

Da suka tashi suka ba mu wuri, sai ga kwanuka. Tuwon dawa miyar kuka da man shanu, farfesun zabi, ga fura da nono a ƙwarya. Ƙamshin kaɗai ya sa hanjina ya fara kuka. Na gutsiri loma ɗaya, na kurɓi fura, na janye hannu. Sanusi kuwa ya naɗe hannun riga ya buɗe nasa kwanon. Na harare shi, ya ce, "Ni ai ba surukina ba ne." Ina zaune ina kallo ya tashi da rabin zabuwar nan, nawa kwanon ya koma cikin gida kamar yadda ya fito.

Bayan azahar muka baro garin. Sanusi ya ce zai ga wani mutum a kan maganar taki, ya sauke ni a tashar Magama, dab da shingen iyaka, ya ce in jira shi. Ko ƙurar babur ɗinsa ba ta kwanta ba na fara bin hancina. Tsakanin manyan motocin ɗaukar kaya, kamiyo inji 'yan Nijar, da ke jiran a duba musu takardu akwai wata rumfar kwano, ta wata Hajiya 'yar Maraɗi, direbobi da 'yan dako sun cika bencinta. Na cire babbar riga na ninke, na tura hula aljihu, na samu gefen benci kusa da wani dattijo mai rawani da ke shan shayi a ƙaramin kofi.

Na ce a zubo dambu da zogale, a sa ƙuli da mai sosai. Kafin a jima na share shi. Na ce a ƙaro shinkafa da wake. Mai balangu yana gefe, na yafito shi, na haɗa da dogon burodin nan na Nijar mai ɓawo. Hajiya ta dube ni ta ce, "Alhaji, daga wace ƙasa ka hito haka? Direban kamiyo ma ba ya yi mani wannan cin."

Aka yi dariya, ni ma na yi. To ni matsalata ke nan, idan cikina ya fara ɗauka bakina ba ya rufuwa. Dattijon nan ya ce, "Samari, halan tahiya ka sha?"

Na ce, "Baba, wace tafiya? Daga gidan surukai nake. Sun kawo tuwo da zabi, ina ji ina gani na ce na ƙoshi."

Ya ce, "To mi ya hana ka ci?"

Na ce, "Kunya mana. Ai dole mutum ya yi musu 'yar dabara, su ɗauka ba ka da ci. In an ɗaura aure sa ga zahiri." (Ina faɗa ina tura burodi a baki, mai yana bin hannuna har gwiwa.)

Ya gyaɗa kai ya kurɓi shayinsa. Ya ce, "Shi uban ɗiyar, ya ka gan shi?"

A nan ne ya kamata in yi shiru. Ban yi ba. Na ce, "Wallahi Baba ban gan shi ba, kaina na ƙasa. Amma an ce mutum ne mai tsauri. Tun da muka zauna kalma ɗaya ya ce, kamar an dasa shi. Irin tsofaffin nan ne masu wahalar da mutane a kan 'ya'yansu." Har na miƙa masa takardar balangu na ce bisimilla. Ya ce ya gode, ya ci abinci gida.

Na lura rumfar ta ɗan yi tsit, Hajiya ta juya baya tana ta goge tukunyar da ba ta da datti. Ban kawo komai a raina ba. Na gama, na sunkuya in wanke hannu a robar ruwan da ke ƙarƙashin benci. A nan, dab da robar, cikin silifas, na ga babban yatsa marar farce. Na ɗan matsa da ido sama, ga tabon a idon sawu.

Ban san tsawon lokacin da na yi a sunkuye ba. Na wanke hannun nan har ya fara yaushi. Na yi tunanin in rarrafa ta ƙarƙashin benci in tsallaka Nijar in fara sabuwar rayuwa, to katin shaidata yana jakar Sanusi. A ƙarshe dai na zame daga bencin na durƙusa a ƙasa, cikin ruwan wanke hannu, na ce, "Baba, ina wuni." Abin da ya zo bakina ke nan.

Ya ce, "Lahiya lau. Ai mun gaisa da sahe." Ya ajiye kofinsa ya miƙe. "Tashi, kar ka ɓata wandonka. In ka ƙoshi yanzu, to madalla." Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Sai a lokacin 'yan rumfar suka saki dariyar da suke riƙewa, wani ɗan dako har da buga benci. Ashe nan ne wurin zamansa kullum, kowa ya san shi, kuma kowa ya san ranar ce mai neman ɗiyarsa zai zo.

Da Sanusi ya dawo na ba shi labari, sai da ya kashe babur ya zauna a ƙasa don dariya. Ni kuwa hutun ƙarshen makon nan ya zame mini zaman makoki. Na kira Zuwaira ba ta ɗauka ba. Na koma Katsina ina zuwa ofis kamar marar lafiya, na riga na sallama cewa na rasa ta, kuma na rasa ta ne a kan dambu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ina son yarinyar nan.

Sai can cikin mako ta kira. Ta ce Baba ya ce in dawo ranar Asabar, ni kaɗai, ban da Sanusi.

Ranar Asabar na koma. A zauren nan dai, shi kaɗai ne zaune. Na durƙusa zan sunkuyar da kai ya ce, "A'a, ɗago ka dube ni, kar gobe ka sake zagina a tasha." Na ɗago. Ba fushi a fuskarsa, har da alamar murmushi. Ya ce, "Cewa da ka yi ina da tsauri bai dame ni ba, gaskiya ce. Abin da ya dame ni, uwar Zuwaira tun asuba take bisa tuwon nan, zabuwar da aka yanka tata ce ta kiwo. Kwano ya koma mata cike, ta wuni tana cewa ɗan birni ya raina girkinta. Sai da na dawo na hwaɗa mata irin cin da na gani da idona sannan hankalinta ya kwanta."

Aka shigo da kwanuka, sun fi na farko girma. Ya ce, "Yau ba inda za ni. Bisimilla." A gabansa na cinye tuwon nan tas, na shanye furar, yana zaune yana jan carbi yana kallona. Da aka mayar da kwanon cikin gida na jiyo guɗa. Kafin in tafi ya ce in turo manyana.

Abin da na koya bai da yawa. Idan aka ba ka abinci a gidan mutane ka ci, wani ne ya sha hayaƙi a kansa. Kuma mutumin da za ka nemi 'yarsa, ka daure ka kalli fuskarsa ko sau ɗaya ne. Yanzu 'ya'yanmu biyu da Zuwaira, amma har gobe idan muka je Gangara hutun ƙarshen mako, muna gama gaisawa Baba zai dube ni ya ce, "To, nan za ka ci, ko a kai maka tasha?"