Yadda Za Ka Ci Jarrabawar Sauraron Turanci, Daga Wanda Ya Tsaya Jiran Gaisuwa

Kai mai neman aiki a tashar jiragen ruwan Kwatano, an ce sai da takardar shaidar kana jin hirar Turawa ko? Kwantar da hankalinka. Ni Setonji, ɗan acaba, na zauna jarrabawar nan da kaina. Bi matakaina, na rantse sai ka isa inda na isa.

1. Fara da shela
Ka gaya wa matarka aiki ya samu. Na ce wa tawa, Afiavi, na kusa jingine babur. Kafin azahar duk layinsu a kasuwar Dantokpa an ji, har ta ɗinka sabon zane.

2. Yi karatu a kan babur
Toshe kunne da hirar Turawa kana tuƙi, kana gyaɗa kai. Za ka sauke fasinja a unguwar da bai taɓa ji ba. Ba komai, shi ma ya ƙaru.

3. Fi malaminka sani
Mista Agosu, malamin darasinmu, ya ce, "Setonji, sau ɗaya ake kunna hirar nan. Buɗe kunne tun kalmar farko."
Na ce, "Haba Malam! Wane mara tarbiyya ne zai fara zance da zance?"

4. Huta lokacin gaisuwa
Kowa ya sani, mutum biyu in sun haɗu sai an tambayi kwana, gida, yara, gajiya da ƙafar gyatuma. Ranar jarrabawa da aka kunna, na ji mace da namiji sun fara, sai na feƙe fensir, na gyara zama, ina cewa madalla da 'ya'yan mutunci. Can sai ƙit!
Na ɗaga hannu. "Madam, sun gama gaisawa, a sa mana hirar."
Mai sa ido ta ce, "Ai hirar ke nan, Yallaɓai. Tambaya takwas na jiranka."
Ashe bayin Allah har sun nemi gidan haya, sun fasa, sun rabu, ko ina kwana babu.

5. Koma gida kamar namiji
Na tarar da Afiavi a bakin ƙofa cikin sabon zanen. Shekara tara da aurenmu, ba ta taɓa hana ni sannu da zuwa ba.
"Baban Sena, ka ci ko ka faɗi?"
Babu sannu, babu ruwan sha. Wannan hirar kam na kama ta tun kalmar farko, sau ɗaya, na gane sarai. Wallahi ta fi jarrabawar ciwo.

Gargaɗi
Duk wanda ya bi shawarar nan, shi ya jiyo, babu hannuna babu ƙafata. Mai ƙorafi ya same ni a bakin Dantokpa, cikin rigar acabata ruwan ɗorawa. Faɗi inda za ka kawai ka hau, na daina gaisuwa.