Ranar da Takarduna Suka Hau Tsamiya

Shekarar da na koyi yin takarda da ciyawar kacala, na cika baki a Haɗeja cewa daga kaina an gama shigo da takarda ƙasar nan. Na dafa ciyawar, na kirɓa, na shanya manyan falle-falle a bakin kogi.

Da asuba na koma, na tarar babu ko ɗaya. Sai ga wasu fararen abubuwa suna lilo a kan tsamiya, suna raɗa. Ban tsaya ɗaukar takalmina ba, na kwaso liman da jama'a.

Ana tsakiyar addu'a matata ta iso. "Maigida, ni na rataye su saboda awaki."

Har yau a kasuwa tambayata ake yi, "Mai masana'anta, aljanun sun bushe?"