Kurar da Malam Haladu Ya Kashe

A unguwar bayan tasha akwai wani tsohon hedimasta, Malam Haladu, wanda yaro da babba suka sani da laƙabin Kashe-Kura. Siririn mutum ne mai tabarau, in iska ta taso da ƙarfi sai ka ji kamar ka riƙe masa riga. Amma in ka shiga falonsa ka ɗaga kai, za ka ga wata takarda da ta yi ja don tsufa, an sa ta a gilashi an rataye saman agogo. Da tafireta aka buga ta, ga kanun labarin da manyan baƙaƙe: HALADU NA AJI UKU YA KASHE KURA DA TAƁARYA A DAJIN BAƘIN DUTSE.

A yi masa adalci, bai taɓa cewa da bakinsa ya kashe kura ba. In baƙo ya tambaya, sai ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "A bar tone-tone, ƙuruciya ce." Sauran aikin mutane ke ƙarasa masa.

Ga yadda abin yake. Lokacin da suke kwalejin horon malamai, su tara ne suka kafa ƙungiyar wani wasa da malaminsu na Turanci ya koya musu kafin a yi masa canji. Duk Asabar da yamma sai su haɗa tebur biyu a ɗakin cin abinci, su shimfiɗa taswirar da suka zana a bayan tsohuwar kalanda, kowa ya ajiye marfin kwalba a matsayin jaruminsa. Mutum ɗaya ne Sarkin Labari, shi zai ce, kun shiga daji, ga kura ta tare hanya, me za ka yi? Sai ka faɗi abin da za ka yi, ka jefa dayis irin na lido. In shida ta fito ka zama namiji. In ɗaya ce, sai dai a yi maka addu'a.

Sarkin Labarin nan shi ne Sallau, kuma shi ne editan mujallarsu, Kugen Jarumai, shafi huɗu duk wata, ana gurzawa da injin takardun jarrabawa. Sallau yana da wata ɗabi'a: yakan rubuta abin da ya faru a tebur kamar labaran rediyo, kuma da sunayen gaskiya, don a cewarsa ba mai karanta labarin wani Barde Ci-Gari, amma kowa zai so ya ji abin da ya sami Haladu na aji uku. Maganar dayis da wanda ya jefa nawa kuwa, can ƙasan shafi yake tura ta.

Da Haladu ya gama makaranta ya je neman auren Ladidi, sai ya tarar mahaifinta tsohon maharbi ne, wanda ya ce shi ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da makaminsa alli ba. Haladu ya koma gida ya ɗauko fitowa ta bakwai ta Kugen Jarumai, ya naɗe ƙasan shafin kamar faɗin yatsa biyu, ya kai aka sa a gilashi. Aka karanta wa tsoho. Tsoho ya ba da Ladidi, ya haɗa da kwari da baka kyauta. Tun daga ranar babu abin da Malam Haladu yake tsoro a duniya kamar ranar da Ladidi za ta ga abin da ke cikin naɗin nan. Shekara talatin da biyu yana goge gilashin da kansa, ba ya bari kowa ya taɓa.

Ran wata Laraba da hantsi sai ga sallama. Sallau ne, ya yi tumbi, gemu ya yi fari, yana riƙe da wata jakar leda mai ratsi-ratsi. Ya yi ritaya, yana zagayen 'yan ƙungiyar da suka rage, kuma a jakar nan akwai Kugen Jarumai cif, fitowa goma sha tara, ba wadda ta ɓata.

Suka baje su a kan darduma, warin tsohuwar takarda ya cika falo. Ga shafin wasiƙu, inda Ɗan'iya yake ƙorafin cewa Gambo ya tauna gefen dayis don ya riƙa faɗawa a shida. Ga filin ta'aziyya: "Barau ya sake faɗawa rijiya, karo na uku ke nan, Allah ya sa iyakar wahalar ke nan." Ga cigiya: duk wanda ya ɗauke marfin lemon da ke matsayin sarkin aljanu ya dawo da shi, an dakatar da yaƙi sai ya dawo. Ga gardamar da ta cinye fitowa biyar a kan ko raƙumi zai iya hawa tsani. Malam Haladu ya yi dariya har hawaye, sannan hawayen ya zama na gaske, don uku daga cikin taran nan ƙasa ta rufe musu ido. Daɗi ya ɗauke shi har ya manta da abin da ke rataye bisa kansa.

Sallau ne ya miƙe zai miƙar da ƙafa, idonsa ya sauka a bango. Ya matsa kusa. Ya karanta. Ya dubi kwari da bakan da ke gefe. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Haladu," ya ce a hankali, "wannan shafin naka kamar ya fi nawa gajarta."

"Rage murya, don girman Allah."

"Wato shi ya sa mai babur ɗin da ya kawo ni ya ce, gidan Kashe-Kura? Na ɗauka tsokana ce."

"Sallau, ko me kake so. Ladidi dai kar ta ji."

Sallau ya koma ya zauna, ya jingina da filo, ya ce da ma da azahar ya yi niyyar wucewa, amma iskar garin nan ta karɓe shi. Kuma likita ya hana shi jan nama, sai kaza.

To kajin gidan na Ladidi ne, tana ji da su kamar 'ya'ya, ta san tafiyar kowacce. Ranar farko Malam Haladu ya shiga ciki ya ce baƙo ne na musamman, aka kama wake-waken kazar. Maƙwabci aka kai wa ya yanka, kamar kullum, don Malam ya daɗe da cewa tun abin nan na daji ba ya son ganin jini. Rana ta biyu jar ta tafi. Rana ta uku farar. Sallau bai taɓa yin barazana da baki ba, mutumin kirki ne. Iyaka dai duk lokacin da Ladidi ta shigo da faranti, sai zafi ya dame shi, ya zaro fitowa ta bakwai ya riƙa fifita da ita. Malam Haladu kuwa sai ya yi wuf ya ɗauko buta da kwano, ya durƙusa yana zuba masa ruwan wanke hannu, yana yi masa surutu don ya ajiye takardar.

Rana ta huɗu da safe zakaran gidan ya yi cara a tsakar gida, wani jibgege mai jan zanko. Sallau ya leƙa ta taga ya ce, "Kai, wannan muryar tasa da romo za ta yi."

Malam Haladu ya shiga ciki yana murza hula. Bai gama jera magana ba Ladidi ta ajiye tsintsiya, ta gyara mayafi, ta wuce shi zuwa falo. Ya biyo ta.

"Malam Sallau," ta ce, "an gode da zumunci. Amma zakaran nan, ko likitan naka ne ya zo da kansa, ba za a yanka ba."

Sallau ya dubi abokinsa, irin duban nan na ka ga dai na yi iyakar ƙoƙarina. Ya buɗe fitowa ta bakwai, ya gyara murya kamar mai karanta labaran duniya. Ya karanta kanun. Ya karanta yadda kura ta daka tsalle, yadda taɓarya ta sauka a tsakar kanta. Sannan ya sa yatsa a ƙasan shafi.

"Uwargida, ga inda gilashinku bai kai ba. 'Haladu ya jefa shida sau biyu a jere, ko da yake Gambo ya rantse dayis ɗin ya faɗi ƙasa aka ɗauko. Kurar marfin kwalbar lemo ce, an ɗan lanƙwasa shi.'"

Malam Haladu ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya kafa wa darduma ido, yana jira ya ji salati, ko kuka, ko ta ce a kira mata 'yan'uwanta.

"Ka tsallake layi ɗaya," in ji Ladidi.

Sallau ya ɗaga kai. "Wane layi?"

"Na ƙarshe. 'Taro na gaba ranar Asabar, kowa ya zo da gyaɗarsa.'"

Sallau ya duba. Ga shi nan kuwa, baƙi da wasali.

Malam Haladu ya ɗago da ƙyar. "Ladidi, a ina kika..."

"Satin da na tare. Ka tafi makaranta, na sauke gilashin zan goge, na warware naɗin na karanta, na mayar yadda yake."

"Shekara talatin da biyu kin sani, ba ki taɓa ce min komai ba?"

"In ce me? Ni da na gan ka a kan turmi ranar da ɓera ya shigo ɗaki, takarda ce za ta ba ni labari? Ai ni ce ma na ƙara wa labarin kura ta biyu a gidajen biki. Duba layin nan kaf, wane gida ne ɓarayi ba su haura ba? Namu kaɗai. Ko takalmi muka bari a ƙofa, nan za mu tarar da shi."

Malam Haladu ya sami wuri ya zauna. Ya mayar da hula, ya gyara zama, har da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya dubi Sallau ta saman tabarau.

"To ka dai ji da kunnenka. Wasa ko ba wasa ba, sunan nan ya tsare gida. Shekara talatin da biyu, ba abin da ya taɓa shigo min nan ya yi ɓarna."

Ladidi ta sunkuya ta ɗauki farantin jiya, wanda ƙasusuwan farar kaza ke ciki.

"Ban da sau ɗaya, Malam. Kura ɗaya tak ta taɓa shigowa gidan nan, ta cinye min kaji uku, kai kuma Kashe-Kura kana durƙushe kana zuba mata ruwan wanke hannu."