Ci Huɗu a Gidan Surukai

Ni ƙwallo ba ta taɓa damuna ba. Amma da nake neman Hadiza a unguwar Talladje, wanta Yaya Musa akwatin telensa bai san komai ba sai ƙwallo, kuma aurena a hannunsa yake. Sai na ce masa ai ni tsohon ɗan wasa ne, Damagaram kaf an san ƙafata ta hagu.

Ranar nan muna kallo, ya tashi yin alwala. "Gwani, riƙe mini wasan."

Yana fita wani mai sanƙo ya sa kai, ƙwallo ta faɗa raga. Ya sake sawa, a hankali. Ya ƙara ta wani gefen, ya kuma ƙarawa. Har mai tsaron gidan ya ba ni tausayi.

Da ya dawo na miƙe ƙafa na ce, "Mun ci huɗu, Yaya. Duk mai sanƙon nan ne."

Ya dubi tele, ya dube ni. "Ɗaya ne. Maimaitawa suke yi."

Ya dai ba ni Hadiza. Ranar da ta haihu na kira shi, ya ce, "Barka, Gwani. Ɗaya ne, ko kai ka ƙirga?"